Silifa Mai Lamba Bakwai

Gari bai gama wayewa ba aka tsinci Alhaji Al-Amin kwance a lungun bayan gidansa, ƙeyarsa a fashe, jini ya jiƙa wuyan jallabiyarsa. Tsohon babban sakatare ne, ɗan shekara saba'in da ɗoriya, kuma duk layin nan na Nassarawa GRA ba a yanke shawara sai da shi. Ɗansa Nabil ne ya fara ganinsa. A gefensa kuwa ga wani mutum zaune dirshan, ba riga, ba takalmi, hannuwansa duk jini, ya ɗora kan tsohon a cinyarsa yana ta motsa baki.

Kafin ƙarfe bakwai an gama shari'a a bakin titi. Mutumin nan Ja'afaru ne, majinyaci a Gidan Natsuwa, wani tsohon gidan Turawa mai doguwar katanga da wata ƙungiya ta mayar asibiti. Nan kotu take kai waɗanda suka yi laifi cikin taɓin hankali, a tsare su ana yi musu magani maimakon a jefa su kurkuku. Unguwa ba ta taɓa kiran gidan da sunansa ba, gidan mahaukata ake cewa. Shekara biyu Alhaji Al-Amin yana yawo da takardar koke gida-gida don a tashe shi. To, me kuma ya rage a bincika? Aka yi asibiti da Alhaji, aka yi ofishin 'yan sanda da Ja'afaru, kowa ya koma gida yana cewa dama ya faɗa.

Sista Milka, shugabar masu jinyar gidan, ita kaɗai ce ba ta faɗa ba. Ta ɗauki waya ta kira Malam Musa.

*

Malam Musa tsohon saje ne da ke zaune a Tudun Wada. A bakin dajin Falgore aka haife shi, kuma tun bai isa kaciya ba yake bin mahaifinsa bin sawun shanun sata. Ya yi shekara talatin a aikin ɗan sanda bai wuce igiya uku ba, domin shi ƙasa ya iya karantawa, bai iya karanta fuskar manya ba.

Ya sauka daga Adaidaita da sandarsa, ya tarar da Insifeto Gregory tsaye a bakin lungun. Shi ya koya wa Gregory aiki, don haka har yanzu yana rusuna masa.

"Baba, wahala kawai aka ba ka," in ji Gregory. "Zo ka gani da idonka."

An yi yayyafi kafin asuba, yashin lungun ya kwanta lumui, ya ɗauki sawun duk wanda ya taka. Inda Alhaji ya faɗi, a gefen lambatu, jama'a sun tattake wurin. Amma ta jikin katanga akwai sawun silifa rangaɗau, kuma a tsakiyar kowane sawu ga lamba bakwai.

"Kowane majinyaci da lambarsa, da ƙusa mai zafi suke zana ta a ƙasan silifa," in ji Gregory. "Bakwai ta Ja'afaru ce. Ga ta nan a inda aka yi kokawar, ga ta kuma ta koma ƙofar bayan Gidan Natsuwa da gudu. Can muka sami silifar, a ƙofar ɗakinsu."

"Ka ce ba takalmi aka same shi."

"Ya koma ya cire, ya sake fitowa."

"Don me?"

Gregory ya ɗaga kafaɗa. "Baba, ai mahaukaci ba a tambayarsa don me."

Wannan magana ta ɓata wa Malam Musa rai. Ya karyo reshen darbejiya, ya tsuguna, ya auna tsakanin sawu da sawu, ya datse reshen daidai nan. Kusa da sawun silifar akwai wani na tsirarar ƙafa, wanda ya fito daga ƙofar baya bai koma ba. Shi ma ya auna shi da wani reshen, wanda ya fito gajere. Ya cusa su biyun a aljihun gaba, ya miƙe yana dafa gwiwa.

*

Nabil ya dawo daga asibiti ɗaukar kaya, idanunsa jawur. A tsaye ya amsa gaisuwar Malam Musa.

"Me ya kai Alhaji lungun baya da asuba?"

"Kwana uku ke nan ba ya bin titi in ya dawo daga masallaci. Ya ce ya lura ana barin ƙofar bayan gidan mahaukatan nan a buɗe, zai ɗauki hoto ya kai wa hukuma. Mun hana shi, ya ƙi ji."

"Ina wayar?"

Nabil ya yi turus. Ba a ga waya a jikin Alhaji ba, ba a kuma gan ta a jikin Ja'afaru ba, kuma babu wanda ya damu ya tambaya.

"Akwai wanda suka yi sa-in-sa da shi kwanan nan?"

"Mai gadinsu, Tony. Makon jiya har ya nuna wa Baba yatsa. Amma Malam, da idona na ga mahaukacin nan a kansa. Me kuke nema kuma?"

Tony ƙato ne, ya cika ƙofar ɗakin gadi. Bai musa cewa sun yi cacar baki ba. Alhaji ne ya ce masa karen mahaukata, shi kuma ya mayar. Malam Musa ya ji zuciyarsa ta karkata, har ya fara jin daɗin cewa abin zai zo da sauƙi. Sai Tony ya tashi ɗauko masa kujera, ya ga yana jan ƙafar hagu, tsohon raunin babur. Mai silifar nan kuwa ƙafafunsa biyu daidai suke taka ƙasa. Malam Musa ya sha ruwan da aka ba shi, ya yi godiya ya wuce.

A ciki Sista Milka ta kira masa ma'aikacin da ya kwana da majinyata maza. Haidar sunansa, dogon saurayi mai saje, sanye da farar rigar aiki da baƙin takalmin but mai igiya ɗaure tam. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi. Ya ce shi yana banɗaki ya ji ihu. Wataƙila Ja'afaru ne ya zare mukullin daga jikin ƙusa.

"Yaron kirki ne," in ji Sista Milka bayan ya fita. "Ba ya dukan kowa, ba ya tsawa. In ciwon ɗayansu ya motsa, shi ke zama da shi har ya lafa."

"Shi Ja'afarun fa?"

Ta sauke ajiyar zuciya. "Tela ne. Ciwon ya kama shi, ya cinna wa shagonsa wuta, mutum biyu suka ƙone a hannu. Alƙali ya ce ba shi da hankalin da za a yi masa shari'a, a ajiye shi tukuna. Aka ajiye shi a wani gidan yari, aka manta da shi shekara shida. Baba, da mari a ƙafa aka kawo mana shi. Maƙeri muka kira ya cire. Shekara biyu yana shan magani, ko ƙuda bai taɓa kashewa ba. In aka mayar da shi can, wallahi ba zai kai baɗi ba."

Ana kiran azahar labari ya zo cewa Alhaji Al-Amin ya cika. Gregory ya bugo waya ya ce magana ta zama kisan kai, gobe da safe zai kai Ja'afaru kotu, daga can kuma sai gidan yari.

*

A bayan kanta, a ofishin 'yan sanda, Malam Musa ya sami Ja'afaru, an ba shi wata tsohuwar riga, yana zaune ya haɗa kai da gwiwa. Mutum ne siriri, furfura ta fara masa tun bai kai arba'in ba.

"Ja'afaru, me ya fitar da kai?"

"Nishi na ji, Baba. Na fito shara, na ga ƙofa a buɗe, na ji mutum yana nishi."

"Ina rigarka?"

"Na yaga na ɗaure masa kai. Jinin ya yi yawa."

"An ce an ga kana sambatu."

Ja'afaru ya ɗago a karon farko. "Kalmar shahada nake laƙƙana masa. Yana bi a hankali."

Malam Musa ya gyara zama. Ya ce, "Me ya sa ka fita ba takalmi?"

"Ban gan shi ba. An saba ɗauka da asuba, ana dawo da shi."

"Wa ke ɗauka?"

Ja'afaru ya mayar da kansa kan gwiwa. Duk yadda aka juya tambayar, ya ƙi faɗin sunan kowa.

Malam Musa ya roƙi ɗan sandan da ke kanta ya bar Ja'afaru ya je famfo ya wanke hannunsa, don har yanzu jinin na nan a farcensa. Ja'afaru ya miƙe ya nufi tsakar gida. Tsohon ya tsaya yana kallon ƙafafunsa har ya kai famfon, ya kuma kalle su har ya dawo. Sannan ya laluba aljihu ya taɓa gajeren reshen nan.

*

Ya koma lungun shi kaɗai. Da safe kowa sawun da ya koma gida da gudu ya bi, shi kuwa yanzu wanda ya fita ya bi. Silifar ta fito daga ƙofar baya, ta wuce bayan gidan Alhaji ba ta ko tsaya ba, ta karya kwana, ta miƙe har gindin matakalar masallacin unguwa. Daga can ta juyo, kuma a dawowar ne ta haɗu da sawun Alhaji.

Ladan yana share tabarmi. Malam Musa ya tambaye shi ko wani daga Gidan Natsuwa yana zuwa asuba.

"Kai, Malam, sahun baya ai masu gadi ne da direbobi da masu ban-ruwan fulawa. Ana sallama suke ficewa. Wa ya san fuskar wani?"

Haka GRA take. Mutum zai shekara yana haɗa kafaɗa da kai a sahu, in ba ka da mota a waje ba zai iya nuna ka a cikin mutum uku ba.

Daga nan sai bayan ɗakin majinyata maza, inda famfon alwala yake. Ƙasar wurin a jiƙe take kullum. A gefen dakalin, inda ruwa ba ya kaiwa sosai, ga shatin but guda biyu an jera su kusa da juna, dunduniya na kallon famfo. Babu mai tsayuwa haka da takalmi a ƙafa. Ajiye su aka yi. Malam Musa ya daɗe a tsugune a wurin, kuma bai ji daɗin abin da ya gano ba ko kaɗan.

*

Bayan la'asar ya sa aka taru a tsakar Gidan Natsuwa. Gregory ya kawo Ja'afaru da ankwa a hannu, yana ta ƙorafin cewa wannan ba tsarin aiki ba ne. Nabil ya zo da dattawan layi biyu, sun tsaya nesa-nesa kamar ciwon zai yi tsalle ya kama su. Tony da Haidar da Sista Milka suna gefe. Sauran majinyata suna leƙe ta tagogi masu ƙarfe.

Malam Musa ya karɓi tsintsiya, ya share wani dogon fili a cikin yashi, ya yayyafa ruwa da buta. Ya ajiye silifa mai lamba bakwai a gaban Ja'afaru.

"Sa takalminka, ka je jikin bishiyar can."

Ja'afaru ya sa, ya tafi. Ƙafafunsa a ware, takunsa gajere-gajere, kamar mai tsoron zamewa a santsi. Malam Musa ya fito da dogon reshen ya ɗora. Sai da Ja'afaru ya yi taku biyu sannan ya cika tsawonsa.

"Wannan shi ne takun mai silifar da ke lungu," in ji shi. "Wannan kuma," ya ɗora gajeren, ya zauna daram, "shi ne na mai tsirarar ƙafa. Wanda ya yi shekara shida da mari, ƙafarsa ta haddace tsawon sarƙar. Ka cire ƙarfen, ita ba ta san an cire ba."

"In gudu yake yi fa, Baba?" in ji Gregory.

"Ai gudun yake yi. Je ka duba, yatsunsa sun nutse a yashi, dunduniya ba ta taɓa ƙasa ba. Iyakar gudunsa ke nan, kuma wajen Alhaji ya nufa da shi. Bai koma ba."

Ɗaya daga cikin dattawan ya gyara tsayuwa.

"Mai silifar nan masallaci ya je," Malam Musa ya ci gaba. "Mutum ne mai takalmi mai igiya, mai wuyar cirewa da sawa. Ya cire ya yi alwala, ƙafarsa a jiƙe, an kusa tayar da salla. Sai ya yi abin da kowannenmu yake yi a gidansa, ya zura silifar da ta fi kusa da ƙofa. Wa ya taɓa neman izini kafin ya sa silifar alwala? Bai yi don ya ɗora wa kowa laifi ba. Amma da laifin ya hau kan wani, ya yi shiru." Ya juya. "Haidar, kwance igiyar nan ka taka mana."

Haidar ya sunkuya. Igiyar ta ƙi kwantuwa. Ya ja, ya sake ja, sai kawai ya zube a kan gwiwoyinsa ya fashe da kuka.

"Jam'i kawai nake zuwa, wallahi! Minti goma ne, duk suna barci. Kwaɗon yana ƙara in an buɗe, shi ya sa nake janyo ƙofar kawai. Na dawo na same shi yana ɗaukar hoto, ya haska ni, ya ce yau gidan nan ya tashi. Na roƙe shi, na ce Baba ka rufa mana asiri, in aka rufe gidan kurkuku za a mayar da su. Ya ƙi. Na kama wayar, ya ja, na ja, sai ya tafi da baya." Ya zura hannu cikin wuyan but ɗinsa ya zaro wayar, ya ajiye a kan yashi. "Na ji ƙarar kansa a jikin siminti. Na gudu. Sista, na gudu na bar shi."

Sista Milka ta rufe fuska da hannu biyu. Ta san hoton da ke cikin wayar nan zai iya cinye gidan gaba ɗaya, amma ita da kanta ta ɗauka ta miƙa wa Gregory.

Gregory ya buɗe ankwar daga hannun Ja'afaru, kunya ta hana shi haɗa ido da kowa.

"Ka san shi ne," in ji Malam Musa a hankali. "Me ya sa ba ka faɗa ba? Ka san inda za a kai ka."

Ja'afaru yana kallon Haidar da ake ɗagawa. "Ranar da aka cire mini ƙarfe, shi ya wanke mini gyambon. Wata uku yana wankewa." Ya murza wuyan hannunsa. "Na san wurin da za a kai shi, Baba. Shi bai sani ba."

*

Washegari da hantsi aka yi jana'izar Alhaji Al-Amin a ƙofar gidansa. Motoci sun cika layin har bakin babban titi. Malam Musa ya biya ta Gidan Natsuwa kafin ya shiga sahu, ya tarar da Ja'afaru ya yi wanka, ya sa farar riga, yana tsaye a gaban Sista Milka.

"Sista, a bar ni in je a yi sallar da ni. Ga shi nan kusa."

"Ja'afaru, ka san ba ni da iko. Sai da takardar alƙali." Ta girgiza kai. "Ka yi haƙuri."

Bai yi musu ba. Ya je jikin katangar da ke kallon titi, ya fuskanci alƙibla, ya tsaya shi kaɗai. Malam Musa ya dubi ƙofa, ya dubi mutumin nan, sai ya jingine sandarsa ya je ya tsaya a damansa. Kabbarar liman tana tsallako katanga sarai. Suka bi ta har ta huɗu, suka yi sallama.

Ana ɗaga makara aka ƙwanƙwasa ƙofar gidan. Tony ya buɗe 'yar tagar ƙarfen da ake leƙe ta ciki. Nabil ne, hularsa a karkace, jama'a suna wucewa ta bayansa. Ya ce a kira masa mutumin jiya.

Ja'afaru ya matso. Nabil ya zuro hannu ta tagar. Ja'afaru ya riƙe hannun da nasa biyu.

"Ya haƙuri?" in ji shi. "Allah ya jiƙan Baba. Kada ka sa a ranka shi kaɗai ya kwanta a wurin. Ina riƙe da shi har ka zo."